Abƙaiƙ ba ma'aunin Ryazan ba ce

Tun da Yukiren ta tsananta kai wa matatun man Rasha hari da jirage marasa matuƙa a farkon 2024, wasu manazarta suka koma ga littafin Robert Pape, Bombing to Win (1996), mai cewa ruwan bama-bamai kan tattalin arzikin abokin gaba da wuya ya sa shi miƙa wuya. Babbar hujjarsu ita ce Abƙaiƙ da Khurais, cibiyoyin man Saudiyya: harin 14 ga Satumba 2019 ya tsayar da ganga miliyan 5.7 a rana, kusan rabin abin da Saudiyya ke haƙowa, amma cikin 'yan makonni Aramco ta mayar da aiki. To, in ji su, ina ribar?

A ganina an ɗora wa misalin nan kayan da suka fi ƙarfinsa. Bugu ɗaya aka yi wa Abƙaiƙ, ga kuɗi a hannu, ga kasuwar kayan gyara a buɗe. Matatun Ryazan da Tuapse na Rasha kuwa an yi ta komawa kansu. Da yake jirgin ba ya ɗaukar bam mai nauyi, hasumiyar farko da ke rarraba ɗanyen mai ake aunawa. In ta ci wuta, sassan da ke bayanta sai su zauna jira. Wasu na'urorin kuma kamfanonin Yamma ne suka kafa su, takunkumi ya rufe wannan ƙofa. Abin dubawa ke nan: tsakanin mai gyara da mai komowa, wa ya fi sauri?

Za su ce Rasha na gyarawa, kuma ɗanyen man da ba a tace ba ana sayar da shi waje, kuɗi na shigowa. Gaskiya ne, shi ya sa ba zan ce hare-haren za su ƙare yaƙin ba. Pape na iya cin gaskiyarsa a nan. Abin da hujja ta ba ni dama in faɗa bai kai haka ba: hare-haren na ɗora wa Rasha nauyi. Daga 1 ga Maris 2024 Mosko ta hana fitar da fetur na wani lokaci. A Afrilun shekarar jirage suka isa Alabuga a Tatarstan, sama da kilomita 1,000 daga kan iyaka, kuma duk makamin kakkaɓo jirgi da aka girke don gadin masana'anta a can, ba ya bakin daga.