Rai, Kurwa da Hayyaci: Waiwaye Cikin Tarihin Yola da Jimeta

Duk wanda ya taɓa zama a Jimeta ya san cewa da wuya a sami garin da harsuna suka yi cincirindo a cikinsa kamar wannan. Fulani da Bachama da Chamba da Kilba da Margi da Hausawa duk suna cin kasuwa ɗaya, suna ciniki da Hausa, idan kuma gardama ta yi zafi suna rantsuwa da suna ɗaya, wato Allah. Liman ya ambaci wannan suna ranar Juma'a, fasto ya ambace shi ranar Lahadi. To amma a tambayi waɗannan mutane mene ne yake fita daga jikin mutum idan ya mutu, ko kuma ina mutum yake zuwa idan likita ya yi masa allurar barci, nan take za a ji amsoshi sun rarrabu. Abin da muke son bibiya a wannan maƙala shi ne yadda sunan Mahalicci ya sami wurin zama a bakin kowa a wannan yanki, alhali batun ruhin ɗan Adam ya ƙi zama wuri ɗaya, tun daga zamanin zaure har zuwa zamanin ɗakin tiyata.

Kafin jihadi, ƙasar da ke gefen Binuwai ta Bata ce da Verre da Chamba da maƙwabtansu, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ya rasa sunan Ubangijin sama. Bachama suna kiran sa Pwa, Chamba na wajen Ganye suna cewa Su, kalmar da suke danganta ta da rana. Sai dai a al'adarsu ta gargajiya hidimar yau da kullum ta fi karkata ga waɗanda suke tsakani. Bachama suna da Nzeanzo, wanda wurin bautarsa yake a Farai kusa da Numan. Game da Chamba kuwa, masanin nan Richard Fardon, a littafinsa na 1990, ya nuna cewa tunaninsu yana kewayawa ne tsakanin abubuwa uku: Allah, da matattu, da dawa. Dodonsu ma ya haɗa biyun ƙarshe, domin kansa siffar ƙoƙon kan mamaci ce, ƙahonninsa kuma na ɓauna. Wato dai tambayar da ta fi damun mutanen wancan zamani ita ce inda kakanni suke da abin da suke bukata daga masu rai.

Modibbo Adama ya yi karatu a Barno, ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo wajen 1809, ya fara zama a Gurin, bai kafa Yola ba sai a 1841, shekaru kaɗan kafin rasuwarsa. Masana tarihi sun yi dogon bayani a kan yaƙe-yaƙen Fombina, amma a ganinmu ba a ba buhun littattafan da malamai suka shigo da shi haƙƙinsa ba. Daga Tambutu har Barno, littafin da aka fi karanta tauhidi da shi shi ne Ummul Barahin na Shehu Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, kuma zaurukan Yola a kan wannan tsari suka taso. Abin lura a nan shi ne Sanusi ya fara ne da hankali. Ɗalibi zai fara sanin hukunce-hukuncen hankali uku, wato wajibi da korarre da mai yiwuwa, sa'an nan a kai shi ga siffofi ashirin da suka wajaba ga Allah, irin su samuwa, da rashin farko, da wanzuwa, da saɓa wa fararru, da tsayuwa da kai, da kaɗaitaka. Kowace siffa da hujjarta. Duniya tana sauyawa, abin da yake sauyawa fararre ne, fararre kuwa ba ya farar da kansa. Wannan hujja ce da ɗalibin kimiyyar lissafi zai iya zama ya auna ta, ya yarda ko ya yi jayayya, kuma malaman sun gina ta ne domin a auna ɗin.

Fulani sun ɗauki wannan karatu da muhimmanci ƙwarai, har suka yi masa sharhi da Fulatanci wanda ake kira kabbe, ana haddace shi baki da baki. A ƙarni na 17 wani malami Bafulatani a Bagarmi, Muhammadu al-Wali, ya mayar da irin wannan sharhi zuwa Larabci. To, a nan ne gizo yake saƙar. Wasu daga cikin ɗaliban wannan fanni sun kai ga cewa duk Musulmin da bai iya kawo hujjojin hankali ba, imaninsa bai inganta ba. Sukan tare manomi ko makiyayi da tambayoyi, in ya kasa amsawa su kafirta shi. Shehu Usmanu ya yaƙi wannan ra'ayi a rubuce-rubucensa, ya tsaya a kan cewa wanda ya furta shahada kuma yake aiki da ita Musulmi ne, ba a tona zuciyarsa. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi a Jimeta.

Abin sha'awa shi ne, malaman da suka saki linzamin hankali a kan siffofin Allah, da aka zo kan ruhi sai suka ja birki. Dalilinsu aya ta 85 ce a Suratul Isra'i, wadda ta amsa tambayar da aka yi wa Annabi (SAW) game da ruhi ta hanyar mayar da al'amarin ga Ubangiji, tare da tuna wa mutum ƙarancin iliminsa. Duk da haka ba su rufe ƙofa ruf ba. Imam Gazali, wanda malaman Sakkwato suka sha daga Ihya'unsa, ya ce kalmar ruhi tana da ma'ana biyu. Ta farko wani tururi ne mai laushi da yake tasowa daga zuciya ya bi jijiyoyi ya kai rayuwa ga gaɓoɓi, kamar yadda fitila take kai haske kusurwoyin ɗaki, wannan kuwa ya bar wa likitoci. Ta biyu ita ce abin nan da yake sani, yake kuma sanin cewa ya sani. Ita ce ayar take nufi. Ma'abota tasawwufi sun ce hanyar kusantarta tarbiyyar zuciya ce da zikiri. Wannan tafarki ya ƙara ƙarfi a Yola zamanin Lamiɗo Lawal, lokacin da Modibbo Raji, ɗalibin Malam Abdullahi na Gwandu kuma ɗaya daga cikin Tijjanawan farko a wannan ƙasa, ya taso da niyyar tafiya gabas, tafiyar ta tsaya masa a Adamawa.

A wajen zaure kuwa, talaka yana da nasa rabon kalmomi. Bafulatani yana da yonki, abin da idan ya fita an mutu, yana kuma da mbeelu, inuwar mutum da mayu suke farauta. Bahaushe yana da rai da kurwa a kan wannan rabo daidai. Maye ba ya kama rai, kurwa yake kamawa, sai mutum ya yi ta ramewa alhali yana numfashi. Kurwa ce take yawo cikin mafarki, shi ya sa ake cewa barci ƙanen mutuwa ne. Malamai ba su kori waɗannan kalmomi ba, ruhi dai ya zo ya zauna kusa da su.

A watan Satumba na 1901 sojojin Ingila suka ci Yola, Lamiɗo Zubairu ya fice. Jimeta, da take bakin kogi inda jiragen kamfani suke tsayawa, ita ta zama mazaunin baƙi da ma'aikata. 'Yan mishan kuwa, da yake Turawan mulki ba sa son su a tsakiyar garuruwan Musulmi, sai suka nufi ƙasar Bachama. Dokta Niels Bronnum, mutumin Danmak, ya sauka a Numan cikin 1913, da Linjila a hannu ɗaya da akwatin magani a ɗayan. Daga aikinsa ne Ikilisiyar Lutheran ta Nijeriya ta tsiro. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, masu fassara sun zaɓi kalmar Allah, suka kuma ɗauki Ruhu daga bakin malamai. Wannan zaɓi ne ya sa a yau ake jin suna ɗaya daga masallaci da majami'a. Amma kalma ɗaya ba ta nufin fahimta ɗaya. Ga Kirista, Ruhu Mai Tsarki Allah ne da kansa cikin Triniti. Ga Musulmi, Ruhul Ƙudusi Mala'ika Jibrilu ne, bawa kuma halitta. Maƙwabta biyu za su iya shafe shekara talatin suna furta kalmar ba tare da sun lura cewa kowa da inda ya dosa ba, kuma ba mu ga laifin hakan ba matuƙar ba a mayar da bambancin makami ba.

An mayar da shi makami a ƙarshen Fabrairun 1984, amma abin mamaki, tsakanin masu salla ɗaya. Almajiran Muhammadu Marwa Maitatsine, wanda aka kashe a Kano a Disambar 1980, suka tayar da tarzoma a Jimeta ƙarƙashin Musa Makaniki. Ɗaruruwan mutane suka hallaka, dubbai suka bar gidajensu, kasuwa ta ƙone, sai da soja suka shigo. Waɗannan mutane sun kafirta sauran Musulmi, suna kuma tsine wa rediyo da agogo da keke. Wato sun haɗa abu biyu da malaman farko suka ƙi: tona zuciyar talaka, da ƙyamar abin da hankali ya ƙago.

Shekara uku kafin wannan, a 1981, aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola, wadda mazauninta yake ƙetaren kogi a ƙasar Girei, aka kuma sa mata sunan Modibbo Adama a 2011. Kimiyyar da ake koyarwa a irin waɗannan wurare ba ta da ma'aunin da za ta ɗora zatin Allah a kai, kuma masu gaskiya daga cikin masananta ba sa da'awar haka. Inda ta yi ta'adi, ko mu ce ta yi aiki, shi ne ma'anar Gazali ta farko. Tun 1846 a Boston aka nuna cewa ana iya shaƙa wa mutum magani a yanka shi bai sani ba, ya farka lafiya. A 1929 Hans Berger na Jamus ya bayyana cewa ƙwaƙwalwa tana fitar da igiyoyin lantarki da ake iya zanawa a takarda, kuma zanen mai barci daban yake da na wanda yake farke. Da wannan na'ura ake gane farfaɗiya, cutar da har gobe wasu suke jingina wa iska, a hana mai ita aure, a guje shi idan ya faɗi, alhali akwai ƙwayoyin da suke tsayar da ita ga mafi yawan masu fama.

Hausa tana da kalmar da ta dace da abin da maganin barci yake kashewa, wato hayyaci. Mukan ce wane ya fita hayyacinsa, ko ya dawo cikin hayyacinsa, kamar dai ɗaki ne da ake shiga ana fita. Mai doguwar suma yana da rai, hayyaci ne babu. Francis Crick, a littafinsa na 1994, ya yi iƙirarin cewa farin cikin mutum da baƙin cikinsa da tunaninsa duk aikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne kurum. Ba a jima ba David Chalmers ya mayar da martanin da har yanzu ba a ture shi ba: ko da mun san kowace jijiya da take motsi idan mutum ya ɗanɗani zuma, ba mu bayyana dalilin da ya sa akwai wani a ciki da yake jin zaƙin ba. Ibnu Sina ya riga su zuwa wannan mashigi tun ƙarni na 11, da misalinsa na mutumin da aka halitta a sararin iska, ba ya gani, ba ya ji, ba ya taɓa komai, amma duk da haka ya san cewa akwai shi. A 2006 kuma wasu masu bincike a Ingila ƙarƙashin Adrian Owen suka umarci wata mata da ake ɗauka ba ta san komai ba da ta raya a ranta tana buga ƙwallon tanis, sai na'ura ta nuna ƙwaƙwalwarta ta amsa kamar ta mai lafiya.

Kada a ɗauka wannan hirar masu ƙoshi ce. Injin taya numfashi ya kawo yanayin da kakanninmu ba su sani ba, inda ƙwaƙwalwa ta mutu gaba ɗaya amma zuciya tana bugawa. A 1968 wani kwamiti a Jami'ar Harvard ya ba da shawarar a ɗauki irin wannan mutum a matsayin mamaci. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta amince da haka. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa kuwa, a Makka cikin 1987, ta halatta cire injin, amma ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya cik. Tsakanin fatawoyin nan biyu akwai sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kuma a kan lokacin mutuwa ne ake fara ƙirga takabar wata huɗu da kwana goma, a kansa ne ake sanin wanda ya riga wani rasuwa idan an zo rabon gado. Likitan da zai fito ya sami dangi a barandar asibiti a Yola dole ya zaɓi kalma. Idan ya ce hayyaci ne ya tafi, za su jira ya dawo. Idan ya ce rai ya yi halinsa, za su nuna masa ƙirjin da yake ɗagawa yana sauka.