Daga Wole-Wole Zuwa LAWMA: Tarihin Dokar Shara A Legas Da Inda Ta Bar Mu Hausawa

 

Yau ina so ne mu ɗan waiwayi tarihin wani abu da kullum muke tare da shi amma ba mu cika zama mu yi nazari a kansa ba, wato dokar shara da ta ruwan datti a wannan gari na Ikko. Dalili kuwa shi ne, duk lokacin da gwamnati ta garƙame wata kasuwa saboda ƙazanta, ko aka kama masu tura amalanken shara, sai ka ji ana ta maganganu a cikin mota da bakin titi cewa ai Hausawa ne ƙazamai. Mu kuma sai mu fusata mu ce ƙiyayya ce kawai. To ni dai a ɗan karatun da na yi da kuma abin da na ji daga bakin dattawan zango, na lura da abu guda: sama da shekara ɗari ke nan doka tana riga kayan aiki isowa unguwar talaka. Mai duba tsafta yakan zo da takardar tara tun kafin a gina kwata ko a turo motar shara, kuma baƙo shi ne na farko da ake nuna wa yatsa.

Bari mu faro daga zamanin Turawa. Tsibirin Legas wuri ne mai fadama, ruwa ya kewaye shi, idan ka haƙa rami kaɗan sai ka tarar da ruwa. Saboda haka irin salgar da aka saba haƙawa a Arewa, wadda za ta yi shekaru ba ta cika ba, ba ta yin aiki sosai a nan. Gwamna William MacGregor, wanda ya mulki Legas daga 1899 zuwa 1904, likita ne, kuma ya mai da hankali wajen cike fadamu da haƙa magudanar ruwa don yaƙi da sauro. Amma batun bahaya sai aka ɗora shi a kan bokiti. Kowane gida da bokitinsa a ƙarƙashin masai, da dare wasu ma'aikata da Yarbawa ke kira agbepo su zo su ɗauke. Daga 1906 har akwai wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa da aikinsa shi ne jigilar waɗannan bokitai zuwa bakin ruwa a juye, kuma ya yi ta wannan aiki har 1933. An sha tsara yadda za a shimfiɗa wa garin manyan bututun ƙarƙashin ƙasa irin na biranen Turai, amma kullum sai a ce babu kuɗi, a ajiye takardun.

Abin da aka samu kuɗinsa shi ne ma'aikacin duba tsafta. A Arewa muna kiransa duba-gari, a nan kuwa wole-wole suke ce masa, wato mai shiga gida-gida. Yana da ikon ya shigo har tsakar gida, ya buɗe randa ya leƙa, idan ya ga tsutsar sauro ya rubuta sammaci. Tsofaffin Legas har yau idan suna ba da labarinsa za ka ji tsoro da girmamawa a haɗe a muryarsu.

A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Legas, ta ɗauki shekaru tana kashe mutane. A wannan shekarar ce ita ma Kumasi ta ƙasar Ghana ta yanzu ta yi fama da cutar, sai hukumomin Turawa suka danganta shigowarta Legas da fataucin goro tsakanin ƙasashen biyu, sana'ar da kowa ya san ta kakanninmu ce. A Kumasi an rushe tsohon zango aka gina sabo. A Legas kuma annobar ce ta haifar da hukumar raya gari ta LEDB a 1928, wadda ta shiga rushe unguwannin da aka ce sun cika cunkoso, irin su Oko Awo. Mai karatu ya lura da yadda abin ya tafi: garin da aka ƙi kashe wa kuɗin magudanar ƙazanta, da cuta ta zo, sai maganin ya zama rusau, laifin kuma ya faɗa kan fatake da talakawa.

Bayan samun 'yanci, musamman da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, Legas ta cika ta batse, shara ta fi ƙarfin ƙananan hukumomi. A 1977, shekarar da aka yi bikin FESTAC baƙi suka zo daga ko'ina a duniya, gwamnatin jiha ta kafa hukumar kwashe shara ta farko. An canza mata suna a 1981, sannan a 1991 ta zama LAWMA da muka sani yau. Shi kuwa masai na bokiti sai a tsakiyar shekarun 1980 gwamnatin soja ta jiha ta haramta shi, aka ce kowane mai gida ya gina masai na ruwa da sokawe.

Zamanin da iyayenmu suka fi tunawa shi ne na Janar Buhari da Janar Idiagbon. A watan Maris na 1984 suka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wato WAI, kuma a watan Yuli na 1985 aka buɗe kashi na biyar na shirin a Kano, wanda ya shafi tsaftar muhalli, har da alkawarin kyautar naira miliyan ɗaya ga babban birnin jihar da ya fi tsafta. Daga wannan zamani ne muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe ba shiga ba fita. Mahaifina yakan ce bai taɓa ganin titunan Legas fes kamar a lokacin ba, amma kuma bai taɓa ganin an rushe rumfunan ƙananan 'yan kasuwa da yawa kamar a lokacin ba. Mai shayi da mai tireda da mai suya, waɗanda yawancinsu namu ne, su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wani abin kuma, dattin da aka kwaso daga kwata ranar Asabar yakan zauna a bakin titi har ruwan sama ya mai da shi inda ya fito, domin babu isassun motocin da za su kwashe.

A ɓangaren Gwamnatin Tarayya, sai da aka jibge guba daga Italiya a garin Koko a 1988 sannan aka farka aka kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a wannan shekarar. A 2007 aka kafa NESREA, wadda ta fitar da ƙa'idojin tsafta da sarrafa shara a 2009. Tsarin mulkin 1999 kuma ya ce kwashe shara da kula da bahaya da banɗakunan jama'a aikin ƙaramar hukuma ne. Ke nan a takarda matakan gwamnati uku ne ke da hannu a kan kwandon sharar gidanka. A zahiri kuwa, a lungunan da mota ba ta iya shiga, wanda ya riƙe wannan aiki shekara da shekaru shi ne ɗan'uwanmu mai amalanke.

A nan nake so mu ɗan tsaya, domin nan ne tarihin ya fi taɓa mu. Yaro zai taso daga ƙauyen Katsina ko Jigawa ko Sakkwato ko ma Nijar, ya sauka Legas ba shi da jari sai ƙarfinsa. Sana'o'in da ke buɗe masa ƙofa nan take su ne garuwa, da tura amalanken shara, da jari-bola. Matan gida suna son mai amalanke domin yana zuwa kullum, ana biyansa gwargwadon sharar da ya ɗauka, ba ya jiran ƙarshen wata. Matsalar ita ce shi ba shi da jujin da gwamnati ta ba shi. Na kirki a cikinsu sukan tura har inda aka tanada, wasu kuwa idan dare ya yi sai su juye a cikin magudanar ruwa ko gefen titin jirgi. Wannan gaskiya ce, kuma ɓoye ta ba zai amfane mu ba.

Tun daga ƙarshen shekarun 1990 gwamnatin Legas ta fara damƙa kwasar sharar gidaje ga 'yan kwangila masu motoci, waɗanda ake kira PSP, kowanne da unguwarsa, masu gida suna biya duk wata. Tsarin ya ƙarfafa a zamanin Tinubu da Fashola. Tun daga nan mai amalanke ya zama kishiyar mai mota, domin duk gidan da ya ba shi shara ba zai so ya biya kuɗin wata ba. Aka haramta sana'ar, jami'an KAI da aka kafa a 2003 suka shiga kama amalanke suna lalatawa. Sai ga shi a 2017 gwamnatin Ambode ta kawo sabon shiri, ta karɓe sharar gidaje daga hannun 'yan PSP ta ba kamfanin Visionscape. Kafin sabon tsarin ya tsaya da ƙafarsa shara ta taru tsibi-tsibi a manyan tituna. A Janairun 2018 aka sake jaddada haramcin amalanke da baro, a watan Maris kuma babban jujin Olusosun da ke Ojota ya kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwannin kewaye. A waɗannan watanni, duk wanda ya zauna a lungu ya san wanda ya riƙa zuwa a ɓoye yana rage wa gidaje shara. Daga baya aka mayar wa 'yan PSP aikinsu.

Ita ma sharar ƙarshen wata ta gamu da nata cikas. A watan Maris na 2015 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke hukunci cewa babu dokar da ta ba gwamnati ikon tsare mutane a gida a wannan safiya, a Nuwamban 2016 kuma gwamnatin jiha ta soke ta. Mu 'yan kasuwa dai tamu ta ranar Alhamis ba ta taɓa barin mu ba, ba a buɗe rumfa sai ƙarfe goma.

To duk wannan labarin busasshiyar shara ce, wadda LAWMA ta sha faɗin cewa ta kai kimanin tan 13,000 a kullum. Ita ta samu hukuma da motoci da 'yan kwangila. Ruwan datti kuwa, wato na wanka da wanki da na masai, shi ne maraya. Sai a 2010 jihar ta kafa ofishi na musamman don kula da shi. Idan ka cire wasu 'yan rukunin gidajen gwamnati irin su Festac da Abesan da aka gina musu matatar ruwan datti, sauran gari kowa da sokawensa ne. A gidajen haya irin namu, masu ɗaki na kallon ɗaki, za ka tarar da mutum talatin ko fiye suna layi a masai ɗaya, ruwan wanka yana bi ta bututu ya faɗa kwatar bakin ƙofa, rijiyar da ake ɗiba kuma taku kaɗan ne tsakaninta da sokawe. Idan damina ta sauka kwata ta cika, duk sai su haɗe. Ɗan garuwa ya ɗebo ya kai gidaje, in cuta ta tashi a ce shi ne. Kwalarar da ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024 ta tuna wa kowa cewa matsalar da aka tura gaba tun zamanin bokiti tana nan tana jira.

Kada kuma wani ya ce mana ƙazanta a jinin Bahaushe take. A Nuwamban 2018 Shugaba Buhari ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, a 2019 ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen bahaya a fili. Jihar da ta fara cika wannan sharaɗi a duk Najeriya, a 2022, ita ce Jigawa. Mutanen da suka yi wannan a gida su ne dai 'yan'uwan waɗanda ke kwana a rumfa a nan. Bambancin shi ne a can mutum yana da filin da zai haƙa masai, a nan kuwa ɗan haya ne ko mai kwana a kasuwa, sai abin da mai gida ya ga dama.

Amma fa hukuma ba ta sauraron wannan bayani ranar da ta zo da kwaɗo. A watan Oktoban 2023 an rufe kasuwar Mile 12 saboda ƙazanta, kuma duk wanda ya san tumatir da tattasai ya san abin da kwana biyu a cikin mota ke yi musu. A Janairun 2024 an haramta robar zuba abinci ta soso, daga Yulin 2025 kuma aka fara tilasta haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Dokoki ƙaruwa suke yi, kuma babu alamar za su ragu.

Shawarata ga shugabanninmu, sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da kwamitocin masallatai, ita ce mu daina jira sai an rufe sannan mu tafi ban haƙuri. Kowane sashe na kasuwa ya riƙa biyan kuɗin shara a kan lokaci yana adana rasit, domin ranar rigima takarda ce ke magana. Masallatanmu da ke tara ɗaruruwan mutane su sa gina banɗaki da gyaran magudanar alwala a gaba kamar yadda ake sa tayil da fanka. Wanda zai kama haya ya duba masai da sokawe kafin ya duba fenti. Sannan a nemi zama da hukuma a kan yaranmu masu amalanke da jari-bola, a yi musu rajista, a nuna musu inda za su kai kaya a lungunan da mota ba ta shiga, tunda shekaru ashirin na kamu ba su kawar da sana'ar ba. Da yawanmu a nan aka haife mu, a nan muke da katin zaɓe, don haka muna da bakin tambayar kansila da shugaban ƙaramar hukuma ina kwatar unguwarmu.

Malamanmu kullum suna faɗa mana tsafta cikon addini ce. Allah Ya ba mu ikon aiki da ita, Ya kare mu da iyalanmu daga annoba, Ya sa albarka a kasuwa, Ya kuma zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Amin.