Gwajin sankara kafin alamu: yadda yake sauya yawan masu kamuwa da masu mutuwa

Gwajin tantance sankara, wato ciwon daji, bincike ne da ake yi wa mutumin da bai ji ciwo ba. Masana na auna amfaninsa da ma'auni biyu: yawan waɗanda aka gano sun kamu a shekara, da yawan waɗanda cutar ta kashe. Ba kullum ma'aunan biyu ke tafiya tare ba.

Gwajin bakin mahaifa yana rage duka biyun, domin yana gano sauyin ƙwayoyin jiki shekaru kafin ya rikiɗe ya zama sankara, a kawar da shi. Wani bincike da aka gudanar a gundumar Osmanabad ta Indiya, aka wallafa a 2009, ya nuna cewa gwajin ƙwayar cutar HPV sau ɗaya tak ya rage mace-macen mata da kusan rabi.

Gwajin hoton nono kuwa ba ya hana cutar fitowa. Yana gano ta ne tun tana ƙarama, don haka adadin masu kamuwa kan ƙaru a rubuce, mace-mace kuma su ragu. Akwai kuma inda gwaji ke ƙara adadi kawai. A Koriya ta Kudu, sankarar thyroid da ake ganowa ta ninka kusan sau 15 tsakanin 1993 da 2011, amma yawan masu mutuwa bai sauya ba. Shi ya sa mace-mace ne ma'aunin da ya fi inganci.

A Najeriya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mata kusan 12,000 ne suka kamu da sankarar bakin mahaifa a 2020, kusan 8,000 suka rasu. Burin hukumar shi ne a gwada kashi 70 cikin 100 na mata a shekara 35, a sake a shekara 45. An kuma fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin HPV a Oktoban 2023.

Sai dai gwaji ba ya ceton rai idan magani bai biyo baya ba. Matar Banga, ko ta Shinkafi da Zurmi, da aka ga alama a jikinta, sau da yawa sai ta dangana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, wani lokaci har asibitin koyarwa na Sakkwato ko na Shika a Zariya. Kuɗin mota da rashin tsaron hanya na iya tsayar da ita a gida bayan an ba ta sakamako.