Allura da Tsagar Faifai: Tarihin Daidaita Hannun Garmaho

Da yawa daga cikinmu da muka yi wayo kafin kaset ta mamaye kasuwa mun san garmaho, ko dai a zauren gidanmu, ko a shagon wani tela, ko wurin mai gyaran rediyo a bakin titi. Mun kuma san wata ɗabi'a da kusan kowane mai garmaho yake da ita, wato in allura ta fara tsalle tana maimaita baiti guda, sai a laluba aljihu a ɗauko kwabo a ɗora mata a ka, ita kuwa ta natsu, waƙa ta ci gaba, kowa ya ce an yi maganin abin.

Kwanakin baya wani ɗan'uwa a cikin wannan ƙungiya tamu ya gayyace mu gidansa domin mu saurari faya-fayan da mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya bari a cikin wata tsohuwar adaka. Waƙoƙin farko na kowane gefe sun fito tangaram, amma da zarar allura ta doshi tsakiyar faifai sai murya ta shaƙe, kalangu ya koma kamar ana dukan gwangwani, har wasu kalmomi suka gagare mu ji, alhali kuwa kalmomin ne suka kai mu, domin so muke mu rubuta su a takarda. Da muka duba sai muka tarar allurar a karkace take zaune cikin tsagar faifan. Wannan karkata tsohuwar matsala ce, masana sun shafe shekaru fiye da 40 suna kokawa da ita da alƙalami da lissafi, kuma labarin wannan kokawa muke so mu kawo wa masu karatu.

Na'urar farko da ta ɗauki murya ta kuma maido da ita ita ce wadda Thomas Edison ya ƙera a Amurka a shekarar 1877. Ita a jikin wani ɗan gwangwani mai juyawa take zana sauti, kuma wani dogon noti ne yake tura gwangwanin a miƙe ta gaban allura daga wannan ƙarshe zuwa wancan, saboda haka babu zancen karkata a cikinta. A shekarar 1887 sai Emile Berliner, Bajamushe mazaunin Amurka, ya zo da faifai shimfiɗaɗɗe, kuma daga sunan da ya sa wa na'urarsa ne muka sami kalmar garmaho. Kalmar faifai kuwa tamu ce, Bahaushe ya dubi abin ya ga ya yi kama da faifan da mata ke saƙawa su rufe ƙwarya, ya ba shi sunan. Kamar ma ta wuce ta siffa, domin shi ma faifan kaba layi guda ne da ke ta zagayawa, sai dai masaƙiya daga cibiya take farawa ta yo waje, allura kuwa daga baki take farawa ta nufi cibiya. Faifan Berliner ya kori gwangwanin Edison saboda ana iya buga dubbai daga uwa guda, ga shi da sauƙin ajiya. Amma da shi ne matsalar ta shigo.

Ga yadda abin yake. A lokacin da ake yanka uwar faifai a kamfani, wuƙar da ke yin tsagar tana tafiya ne a miƙe daga baki zuwa cibiya, kamar mai jan layi da rula. Shi kuwa hannun garmaho da ke gida kafe yake a gindinsa, kai ne kawai yake lilo, saboda haka tafiyarsa irin ta akuyar da aka ɗaure a turke ce, duk inda ta nufa gewaye take yi. Abin da aka yanka a miƙe ana karanta shi a lanƙwashe ke nan. A mafi yawan wurare allura ba ta fuskantar tsagar sosai, tana ɗan ba ta kafaɗa, sai sautin ya fito da gurɓata.

A zamanin garmaho mai wani da ƙaton ƙaho ba a cika damuwa ba. Faya-fayan lokacin masu juyi 78 a minti ne, an yi su da wani irin ƙaro da ake samu daga wani ƙwaro a Indiya, an cakuɗa shi da garin dutse. Allurar ƙarfe ce, nauyin da ke danne ta ya haura giram 100, kuma garin dutsen nan yana cinye bakinta tun kafin waƙa ta ƙare, shi ya sa ake sayar da allurai a cikin ƙananan gwangwanaye, ana so a canza sabuwa bayan kowane gefe. Wanda ke sauraron waƙa cikin irin wannan shuuu ba zai tsaya neman ƙaramar gurɓata ba. Abin da ya fara jawo hankali shi ne faya-fayai masu tsada suna saurin cinyewa.

A nan ne marubuta suka shigo labarin, abin da ya kamata ya faranta mana rai. A shekarar 1923 wani marubucin ƙagaggun labarai a Birtaniya mai suna Compton Mackenzie ya kafa mujallar The Gramophone domin masu sha'awar faifai. A shekarar 1924 wani ma'aikacin gwamnati da ya karanta lissafi, Percy Wilson, ya rubuta a cikinta cewa za a iya rage karkatar ƙwarai da dabaru biyu. Ta farko, a lanƙwasa kan hannun ya ɗan dubi ciki maimakon ya tafi a miƙe. Ta biyu, a kafa gindin hannun ta yadda in aka kai allura tsakiya za ta ɗan zarce tsinken da ake zura faifai a ciki. Har ma ya fito da wata takardar awo da mutum zai ɗora a kan farantin garmaho ya gwada da kansa. Duk hannun garmaho da muka taɓa gani mai lanƙwasa kamar wuyan raƙumi, ko mai karkataccen kai, jikan wannan tunani ne.

Wilson kusurwa kawai ya auna. Wanda ya kai maganar ƙarshenta shi ne Erik Löfgren, injiniya ɗan ƙasar Suwidin, a wata maƙala da ya buga cikin harshen Jamusanci a shekarar 1938. Abin da ya lura da shi yana da sauƙin fahimta. Faifai yana juyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe, amma zagayen waje ya fi na ciki tsawo. In muka ɗauki babban faifai mai inci 12 da ya zo daga baya, tsagar da ke wucewa ƙarƙashin allura a bakinsa ta kai kimanin santimita 51 a daƙiƙa, a kusa da cibiya kuwa kimanin 21 ce kawai. Wato a ciki an cusa waƙa ne a ɗan ƙaramin fili, kamar ɗalibin da takarda ta kusa ƙare masa ya shiga matse rubutu. Saboda haka karkatar digiri ɗaya a ciki ta fi ta digiri ɗaya a waje ɓarna fiye da ninki biyu. Wannan ne ya sa waƙar ƙarshe take fara lalacewa, kuma shi ya sa kamfanoni suka riƙa ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen gefe, mai amo da yawa kuma a farko.

Löfgren ya nuna da lissafi cewa hannu mai lilo, kome gwanintar maƙerinsa, a wurare biyu kacal zai iya fuskantar tsaga daidai a duk faɗin faifai. Sauran aikin shi ne zaɓen inda za a ajiye waɗannan wurare biyu domin kuskuren da ya rage ya rabu daidai tsakanin baki da tsakiya da ciki. Shekara uku bayan haka, a 1941, H. G. Baerwald ya buga lissafin da ya kai ga sakamako iri ɗaya a wata mujallar injiniyoyin sinima a Amurka, da Ingilishi. Har yau in mutum ya sayi takardar awo, sunan Baerwald zai fi gani a jiki. A ganinmu harshe yana da hannu a wannan rashin adalci: wanda ya riga ya yi rubutunsa cikin Jamusanci ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, masu sayen garmaho kuwa Ingilishi suka fi karantawa. Mu da muke rubutu da Hausa ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

Lissafin bai zama abin larura ba sai da faifai ya sake kama. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai na roba mai juyi 33 da sulusi, a 1949 RCA ya fito da ƙarami mai juyi 45, a 1958 kuma aka soma sayar da faifai mai sauti biyu, hagu da dama, inda kowace katangar tsaga take ɗauke da nata sauti. Tsaga ta ƙara sirancewa, tsawonta a gefe guda ya haura mita 400, allura ta koma ɗan tsinin lu'ulu'u, nauyin da ke kanta ya sauko har zuwa giram 2 ko ƙasa da haka a na'urori masu kyau. Da shuuu ɗin nan ya ragu sai kunne ya fara jin abin da Löfgren ya gani a takarda. A wannan faifai, wuraren nan biyu na Löfgren da Baerwald suna faɗawa a milimita 66 da milimita 120.9 daga cibiya. A 1966 J. K. Stevenson ya ba da wata shawara a mujallar Wireless World, cewa a matsar da na cikin ya koma kan tsagar ƙarshe, wajen milimita 60, ko da baki zai ɗan ƙara shan wahala. Wannan ya dace da kiɗan Turawa irin na manyan ƙungiyoyi, wanda yakan ajiye amonsa mafi ƙarfi sai a ƙarshe. Masu sha'awar faifai har gobe suna musu a kan wanne ya fi, mu dai a namu kunnen bambancin bai kai yawan musun ba.

Gyara ɗaya ya haifi wata matsalar. Tun da an lanƙwasa kan hannu, gogayyar allura da tsaga takan ja hannun zuwa cibiya, allura ta riƙa danne katangar ciki fiye da ta waje. Sai aka ƙara wata dabara mai ja baya, wasu da ɗan zare mai ƙaramin nauyi a rataye, wasu da sifirin. Akwai kuma waɗanda suka ce a koma wa Edison: kamfanin Bang & Olufsen na Denmak a 1972, da Technics na Japan a 1979, sun yi garmaho mai hannun da ke tafiya a miƙe. Tsada da wuyar gyara suka hana shi yaɗuwa, kafin a farga kuma faifan CD ya fito a 1982.

A ƙasar Hausa kaset ce ta riga ta yi wa garmaho ritaya. Amma kafin nan kamfanoni irin su EMI, mai reshe a Legas, sun buga faya-fayan mawaƙanmu, ciki har da Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999. Ga mai nazarin waƙar baka irin wannan faifai daidai yake da rubutun hannu na marubuci, domin mawaƙinmu ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya, abin da ya faɗa a ranar da aka ɗauka yana nan ne kawai a cikin tsagar. A Amurka faifai ya farfaɗo har ya fi CD yawan sayuwa a 2022, ana ta sake buga tsofaffin waƙoƙinsu. Namu kuwa sau da yawa abin da ya rage shi ne wanda ke cikin adaka.

Shi ya sa muka koma gidan ɗan'uwan nan da takardar awo da ƙaramin sukudireba da sabuwar allura. Da fari muka tabbatar farantin yana zaune daram bai jirkice ba. Muka murɗa nauyin da ke bayan hannu har hannun ya tsaya yana reto kamar sikeli, sannan muka ba shi nauyin da maƙerin allurar ya rubuta. A nan ne muka gane laifin kwabo, domin shi kaɗai ya fi giram 2 ɗin da allurar take bukata gaba ɗaya. Rage nauyi fiye da kima ma ba alheri ba ne, allura takan riƙa karo da katangun tsaga tana faffasa su. Daga nan muka zura takardar a tsinken tsakiya, muka sassauta notina biyu da ke riƙe da kan allura, muka ɗora tsinin a kan ɗigon waje muna leƙe ko ɗan sandan da ke ɗauke da shi ya yi layi ɗaya da zanen takarda, muka koma ɗigon ciki. In ya dace a nan ya saɓa a can, sai a tura kan gaba ko baya da ɗan kaɗan a sake. Mun yi wannan kai-da-kawo ya fi sau goma, mai gida har ya fara cewa ko a maido da kwabon. Da ya dace a duka biyun muka ɗaure, muka sake auna nauyi, muka duba hannun ya kwanta daidai da fuskar faifai, muka sa abin ja baya a lamba ɗaya da ta nauyi.

A faya-fayai huɗu murya ta washe har waƙar ƙarshe, muka rubuta baitocin da suka gagare mu a zuwan farko. A guda biyu kuwa, waɗanda mai gida ya ce mahaifinsa ya fi so kuma ya fi sawa, babu abin da ya canza, domin tsohuwar allura da kwabo sun riga sun kankare katangar tsagar, mun bar gurabe a takardarmu inda kalmomin suke. A ƙasan adakar akwai wasu guda uku masu nauyi na juyi 78. Su tsagarsu ta fi faɗi, suna bukatar allura mai kaurin tsini kusan ninki huɗu, ba mu kuwa da ita, saboda haka muka naɗe su cikin zane muka mayar.