Kajuru Castle: Tarihin gidan dutsen Kudancin Kaduna da makomarsa

Kajuru Castle katafaren gida ne na dutse da ke bisa wani tsauni a Ƙaramar Hukumar Kajuru ta Jihar Kaduna. Yana da nisan kimanin kilomita 45 daga birnin Kaduna, a kan hanyar Kachiya wadda ke zarcewa Zonkwa da Kafanchan. Wanda ya hango shi daga nesa zai zaci ya shekara ɗaruruwa, alhali bai kai shekara 50 ba.

Asali da tsari

Wani Bajamushe mazaunin Kaduna, Gerhard Huebner, shi ne ya gina gidan cikin shekarun 1980, bisa fasalin gidajen sarakunan Turai na zamanin da. Da dutse aka tayar da bangonsa, kaurinsa kuwa ya kai kimanin mita ɗaya. Yana da hasumiyoyi, da babban zaure wanda aka ƙawata da sulke da makaman yaƙi irin na mayaƙan Turai. Akwai kuma ɗakunan kwana, da wurin ninƙaya, da ramin kada. Gidan ba mallakar gwamnati ba ne. Masu yawon buɗe ido kan nemi izini tun kafin su zo, su biya kuɗi, sannan su shiga ko su kwana.

Darasi daga Ingila

Al'adar gina babban gida a karkara, nesa da hayaniyar birni, ta fi shahara a Ingila. A can masu sarauta da attajirai sun riƙe irin waɗannan gidaje ne da kuɗin hayar gonakinsu. Da farashin amfanin gona ya faɗi, harajin gado kuma ya yi nauyi, sai ɗaruruwan gidajen suka gagari magada, aka rushe su, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira sun koma hannun ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, ko kuma masu su suka buɗe wa baƙi ƙofa don samun kuɗin gyara. Ke nan babban gida ba ya rayuwa da kyansa kawai, sai da abin da zai ɗauki nauyinsa.

Ƙalubale

A Kajuru, baƙi su ne jarin gidan, baƙo kuwa ba ya zuwa inda babu kwanciyar hankali. Ranar 19 ga Afrilu, 2019, 'yan bindiga suka kai hari wurin, suka kashe wata 'yar Birtaniya ma'aikaciyar agaji da wani ɗan Najeriya, suka kuma yi garkuwa da wasu. Labarin ya bazu a duniya, ya kuma sanyaya gwiwar masu son ziyara.

Tambayar wa zai ɗauki nauyin kulawa ba a Kajuru kaɗai ta tsaya ba. A Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar layin dogo a 1927, akwai tasha da gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na zamanin Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka tsufa tun da harkar jirgin ta ja baya. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ita ce doka ta ɗora wa alhakin tantance gine-ginen da suka cancanci kariya a matsayin kayan tarihin ƙasa.