Wa Ke Biyan Kuɗin Na'urar? Tarihin Tallafi da Kayan Bincike a Jami'o'in Nijeriya

Ana iya koyar da nahawu ko tarihi da allo da alli da ɗakin karatu. Ilimin sinadarai da likitanci da aikin injiniya kuwa sai da madubin likita, da ma'auni, da sinadaran gwaji, da wutar da ba ta yankewa. Kusan duk kayan nan daga ƙetare ake sayo su, da kuɗin ƙetare. Shi ya sa duk wanda ya bi tarihin bincike a jami'o'in Nijeriya zai iske cewa, a kowane zamani, ƙarfin binciken yana bin aljihun wanda ke biyan kuɗin kaya.

A 1959, ana gab da samun 'yancin kai, gwamnati ta kafa hukuma ƙarƙashin Eric Ashby domin ta duba buƙatun ƙasar na ilimi mai zurfi. Cikin 'yan Nijeriya da suka zauna a hukumar akwai Kenneth Dike da Shettima Kashim Ibrahim. Gidauniyar Carnegie ta Amurka ce ta ɗauki nauyin aikin, wato tun daga shimfiɗa tsari akwai hannun mai kyauta a ciki. Rahoton ya fito a 1960, sababbin jami'o'i suka biyo baya, har da Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a Zariya a 1962.

Tallafin wancan zamani yakan zo a haɗe: kayan aiki, da malaman aro, da guraben ƙaro ilimi. Da kuɗin hukumar agajin Amurka, Jami'ar Jihar Michigan ta dafa wa Nsukka, Jami'ar Jihar Kansas kuma ta taimaka wajen gina sassan aikin gona da likitancin dabbobi a Zariya. Gidauniyoyin Ford da Rockefeller suka zuba kuɗi a Ibadan. Hikimar tsarin ita ce, matashin da aka tura waje zai dawo da digirinsa ya karɓi ɗakin gwaji daga hannun baƙon malami, ya tarar da irin na'urar da ya koyi aiki da ita.

Da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in yankuna a 1975, ta kuma buɗe sababbi. Masu kyauta suka ja baya, ganin ƙasar ta samu abin kanta. Ba a daɗe ba farashin mai ya faɗi, aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu a 1986. Naira da ke kusan kunnen doki da dala a 1985 ta kai kimanin 22 kan dala ɗaya a farashin gwamnati a 1993. A nan ne raunin tsarin ya fito fili. Na'urar da aka samu kyauta tana nan, amma ɗan ƙarfen da ya lalace a cikinta ya fi ƙarfin kasafin sashe. Aka daina sayen mujallun bincike. Malaman da aka kashe dukiya wajen horar da su suka watse zuwa Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa. Zanen aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

A 1990 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 120 don sayen littattafai da kayan aiki, bisa sharaɗin rage ma'aikata da wasu kwasa-kwasai. Malamai da ɗalibai suka yi ca a kansa. Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ƙarƙashin Attahiru Jega, ta kawo wata shawara: maimakon a riƙa miƙa ƙoƙon bara, a karɓi wani kaso daga ribar kamfanonin da ke cin gajiyar ɗaliban da jami'o'i ke yayewa. Bayan yajin aikin 1992 da yarjejeniyar watan Satumba na shekarar, aka kafa dokar harajin ilimi a 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. Wannan asusu ne aka sake wa fasali a 2011 ya zama TETFund, wanda ke gina ɗakunan gwaji, yana sayen kaya, yana tura malamai ƙaro ilimi, yana ba da kuɗin bincike.

Masu kyauta ma sun dawo. A 2000 gidauniyoyin Carnegie da Ford da MacArthur da Rockefeller suka haɗa gwiwa don tallafa wa jami'o'in Afirka, kuma cikin shekara goma haɗakar ta kashe kimanin dala miliyan 440 a ƙasashe tara. MacArthur ta zaɓi Zariya da Bayero ta Kano da Ibadan da Fatakwal. Abin lura shi ne, a wannan karon sun haɗa jami'o'i wuri guda su sayi intanet ta tauraron ɗan'adam a farashin sari, domin sun gane cewa kwamfuta ba tare da hanyar sadarwa ba ado ce kawai.

Duk da haka, kwamitin da gwamnati ta kafa a 2012 ƙarƙashin Mahmood Yakubu ya tarar da ɗakunan gwaji inda ake ɗora sinadarai a kan risho.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai kyauta da ɗan siyasa duka sun fi son abin da za a yanke masa kyalle a rubuta suna a jikinsa. Man janareta, da albashin ƙwararren mai gyara, da sinadaran da ke ƙarewa kowane zango ba su da bikin buɗewa, alhali su ne ke sa na'ura ta yi aiki shekara ashirin maimakon biyu. Don haka idan aka sanar da sabuwar kyauta ga wata jami'a, tambayar da ta dace a yi kafin tafi ita ce: nawa aka ware don gyara, kuma wa aka horar ya riƙe ta?