Daga Teburin Likita Zuwa Tabarmar Uwa: Tarihin Koyar Da Yara Masu Galahanga

Maƙalarmu ta wannan mako a kan larurar galahanga ce, wato otizim.

A 1943, Dakta Leo Kanner na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya kawo bayanin yara 11 da ba sa cuɗanya da mutane, magana na yi musu wuya, kuma ba sa son a sauya musu abin da suka saba. Daga nan aka shafe shekaru ana ɗora wa iyaye mata laifi, wai rashin nuna ƙauna ne sanadi. Bernard Rimland, wanda ɗansa ke da larurar, ya ƙaryata haka a littafinsa na 1964, ya ce asalinta daga ƙwaƙwalwa ne.

Sai Ivar Lovaas na Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ya zo da tsarinsa: a zaunar da yaro a tebur, a yi ta maimaita darasi, in ya dace a ba shi tukuici. A rahotonsa na 1987, yara 19 sun samu horon awa 40 a mako, 9 suka ci gaba da karatu a ajin sauran yara. Amma tsarin da tsada, kuma sau da yawa yaron da ya iya cewa "ruwa" a tebur ba ya faɗa a gida idan ƙishi ya kama shi.

Maganin wannan ya ɓullo daga Kansas, inda tun 1968 Betty Hart da Todd Risley suka nuna yaro ya fi kama magana a lokacin da yake son wani abu. Robert Koegel da matarsa Lynn suka gwada dabarar a kan masu galahanga: yaro ya zaɓi abin wasa, ya yi yunƙurin faɗin sunansa, a miƙa masa shi nan take. A 2010, binciken Geraldine Dawson da Sally Rogers kan yara 48, 'yan wata 18 zuwa 30, ya nuna koyarwa cikin wasa na inganta magana da fahimta.

Wannan ba waraka ba ce, koyarwa ce, kuma ba ta hana zuwa asibiti. Amma a wurinmu da ƙwararru suka yi ƙaranci, darasin babba ne: lokacin wanka, cin tuwo da wasa a tabarma duk aji ne. Uwar da aka zarga jiya, ita ce malamar farko yau.

Allah Ya ba iyayen waɗannan yara juriya.